Darasi na 9: Allurar Botox da mace mai shayarwa

Ranar Asabar da muka tashi daga aji a unguwar Aboabo ta Kumasi, wata ɗalibarmu ta tsaya a baya, ɗanta ɗan wata huɗu yana barci a goye, ta miƙo min waya tana nuna min hoto tace "Malama kinga allurar nan da ake yi a goshi, ƙanwar maigidana za a aurar bayan Sallah ina so in yi, amma ina shayarwa, zata taɓa yaron?" To wannan tambayar ita ce darasinmu na yau.

Botox sunan kasuwa ne. Abin da ke cikin kwalbar dafi ne da wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum ke fitarwa, ana tace shi a ɗebi ɗan mitsitsi a soka cikin tsokar fuska, sai ya tare saƙon da jijiya ke kaiwa tsoka, tsokar ta saki, tamojin goshi ya kwanta. A Amurka a 1989 aka fara yarda da shi don gyaran ido mai harara-garke, sai 2002 aka yarda da shi don kwalliya. Kuma ba dawwama yake ba, wata 3 zuwa 4 ya sake ki, ki koma ki sake biya.

Maganar nono kuwa, likitoci na ganin da wuya ya shiga, don ƙwayarsa babba ce kuma yawanci tana zama wurin da aka soka. Amma takardar da ke zuwa cikin kwalin maganin kanta ta faɗa cewa babu bayanan gwaji a kan nonon uwa. Wadda likita ya rubuta wa don ciwo, kamar ciwon kai mai tsanani da ke yawan dawowa, wannan tsakaninta da likitanta ne, kada ta yaye ɗa da kanta don tsoro. Ta kwalliya fa? Ni dai abin da na ce wa ɗalibar nan, 'yar uwa ki bari sai bayan yaye, goshin nan yana nan ba inda zai je.

Abin da ya fi tayar min da hankali ma ba nonon ba ne, hannun da ke riƙe da sirinjin ne. Tun 2009 hukumar magunguna ta Amurka ta sa a buga gargaɗi a jikin maganin cewa dafin na iya yaɗuwa ya bar inda aka soka, kuma a 2024 an kwantar da mata a asibiti a can saboda jabu da kuma allurar da waɗanda ba su da lasisi suka yi musu a gida ko shagon gyaran jiki. Saboda haka in an ce miki akwai mai zuwa har ɗaki ta yi miki da araha, ko a bayan shagon kitso, ki ce a'a. Ki tambaya ko likita ne, ki ga kwalin da idonki, ki tambaya ko hukumar abinci da magunguna ta Gana, wato FDA, ta yi masa rajista. Uwar da ta kasa haɗiye ruwa wa zai ɗauki ɗanta?

In an riga an yi, sai kika ji fatar ido na saukowa, gani na rabuwa biyu, harshe ya yi nauyi, haɗiya ko numfashi na wuya, ko da bayan kwanaki ne, kada ki jira gari ya waye, a kai ki asibitin Komfo Anokye ko asibiti mafi kusa, ko a kira lambar gaggawa 112.

Sannan ga wani abu da yawancinmu ba mu sani ba, ƙwayar cutar nan ana samunta cikin zuma. Babba ba ta yi masa komai amma hanjin jariri bai yi ƙwari ba, shi yasa ba a ba yaron da bai cika shekara 1 ba zuma, ko lasa. Na san kakanni na so su ɗiga wa jinjiri a baki, ki ce "Inna ki yi haƙuri, a wurin awo sun hana." In yaro ya daina kashi kwana da kwanaki, tsotsonsa ya yi rauni, kukansa ya yi ƙasa, wuyansa ya saki kamar tsumma, asibiti nan take.

Aikin gida: ki rubuta kalmomin nan sau uku uku, dafi, tsoka, jabu, yaye. Ki kuma rubuta tambaya biyu da za ki yi wa duk mai son yi miki allura, ki zo da su ranar Asabar.