Yadda za ka tono tarihin sansanin CCC a dazukan Amurka

Idan kana son sanin tarihin ɗaya daga cikin sansanonin aikin daji da gwamnatin Amurka ta buɗe lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, wato CCC (Civilian Conservation Corps), to kar ka ɓata lokaci a kan sunan wurin, lamba za ka fara nema. Mutanen gari sukan kira sansani da sunan ƙauyen da ke kusa, amma a takardun gwamnati lambobi biyu ne, ta sansanin da ta rukunin samarin da suka zauna ciki, kuma rukuni ɗaya kan tashi daga wannan daji ya koma wancan, wani lokaci ma wata jihar.

Harafin da ke gaban lambar sansani shi zai gaya maka irin aikin. F dajin gwamnatin tarayya ne, S dajin jiha, SP wurin shaƙatawa na jiha, SCS kuma masu yaƙi da zaizayar ƙasa.

Ka kuma riƙe shekarun a kai don kar a ruɗe ka. Shugaba Franklin Roosevelt ne ya kafa shirin a 1933, sansani na farko, Camp Roosevelt, an buɗe shi a watan Afrilu a dajin George Washington da ke Virginia, aka rufe shirin a 1942 da yaƙin duniya na biyu ya kwashe samarin. Kusan mutum miliyan 3 suka yi aikin, albashi dala 30 a wata, kuma dole a tura 25 gida wa iyaye, ka ga yaro yana dashe a daji ana cin abinci a gidansu da guminsa.

Daga nan sai ma'ajiyar tarihi ta ƙasar. Takardun CCC suna kundi mai lamba 35, wato Record Group 35, fayilolin mutane kuma a birnin St. Louis na jihar Missouri suke. Ni dai rahoton masu duba sansani ya fi min komai, don a nan za ka ga jerin abincin da aka dafa, wa ya gudu, wa ya yi ƙorafi. Sojoji ne ke kula da kwana da ci da tufafi, aikin daji kuwa ma'aikatan gandun daji ke jagoranta, to ka duba ɓangarorin biyu. Sansanoni da yawa suna da 'yar jaridarsu, ban da ta ƙasa mai suna Happy Days.

In ka samu zuwa wurin kar ka sa ran ganin ɗakuna, yawanci na katako ne an kwance su tuntuni. Duba ƙasa, za ka ga dandamalin siminti, murhun dutse tsaye shi kaɗai, ko itatuwa a jere layi-layi tsayinsu ɗaya, wannan dashen hannu ne. Hoto kawai za ka ɗauka, doka ta hana kwasar kayan tarihi a dajin gwamnati.

Sannan in ka ga harafin C a ƙarshen lambar rukuni, na baƙar fata ne. A 1935 shugaban shirin Robert Fechner ya ba da umarnin raba su da turawa, wasu garuruwa ma sun ƙi yarda a kafa sansaninsu kusa da su. Wannan ɓangaren wallahi ana yawan tsallake shi, don haka in kana rubutu ka nemi wasiƙun ƙorafin da mutanen gari suka aika, ka sa su a ciki.