Yadda ake yanke wutsiyar bin sawu daga mahaɗin intanet kafin a tura shi

A nan Damagaram, yawancin abin da muke karantawa ta zaurukan WhatsApp yake iso mana, daga karatun malamai har zuwa tallan atamfa na ƴan kasuwar Dole. Wanda ya tsaya ya dubi mahaɗin da ake turowa zai lura cewa sau da yawa adireshin kansa gajere ne, amma yana jan wata doguwar wutsiya ta haruffa da lambobi marasa kan gado. Wutsiyar tana farawa ne daga alamar tambaya, kuma alamar & ce ke raba gaɓoɓinta.

Gaɓoɓin ba nauyinsu ɗaya ba. Waɗanda suka fara da utm_, kamar utm_source da utm_campaign, sun samo asali daga kamfanin Urchin wanda Google ya saya a 2005, kuma aikinsu shi ne gaya wa mai shafi ta wace hanya baƙo ya zo. Waɗanda suka fi damuna su ne fbclid, wanda Facebook ya fara liƙawa a 2018, da gclid na tallan Google, da igsh na Instagram, da si na YouTube da Spotify, domin lamba ce ta musamman ake ƙirƙira wa kowace latsawa ko kowace turawa, ta yadda kamfanin zai iya danganta wanda ya tura da waɗanda suka buɗe.

Mataki na farko shi ne ka daina turawa kai tsaye daga cikin manhaja. Ka zaɓi kwafin mahaɗin, wato «Copier le lien» a wayoyinmu da aka saita da Faransanci, sannan ka liƙa shi a manhajar rubutu ko a gurbin saƙo ba tare da ka aika ba.

Daga nan sai ka nemi alamar tambaya, ka goge ta tare da duk abin da ya biyo bayanta. A ƙaramin allon waya wannan yana da ɗan wuya, saboda babban yatsa yakan rufe haruffan da ake nema. Ya fi sauƙi ka ajiye alamar rubutu a ƙarshen adireshin ka riƙa gogewa baya-baya, kuma idan allon rubutunka Gboard ne, jan yatsa a kan dogon maɓallin tazara yana matsar da ita harafi bayan harafi. Mahaɗin YouTube irin na youtu.be, alal misali, yana aiki lafiya lau bayan an cire ?si= da tarkacen da ke biye da shi.

Sai dai a nan ne ake yawan yin ɓarna, domin ba kowace wutsiya ce ta leƙen asiri ba. A adireshin youtube.com/watch?v= lambar bidiyon tana bayan alamar tambayar ne, wanda ya yanke daga nan kuwa ya tura wa mutane fanko. Haka ma t=90, wadda ke sa bidiyo ya fara daga daƙiƙa ta 90, da q= mai ɗauke da kalmomin bincike. A irin wannan hali gaɓa-gaɓa ake cirewa: ka goge daga alamar & da ta zo kafin gaɓar da ba ka so, har zuwa & ta gaba ko ƙarshen adireshin, ka bar sauran yadda suke.

Kafin ka aika, ka buɗe mahaɗin da ka gyara a shafin sirri na burauza. Idan ya kai ka inda ake so, shi ke nan. Idan bai kai ba, ka mayar da gaɓar da ka cire ta ƙarshe.

Gajerun mahaɗai irin na vm.tiktok.com da facebook.com/share ba su da wutsiyar da ido ke gani, domin shaidar tana dunƙule a cikinsu. Dabarar ita ce ka buɗe su a burauza, ka jira cikakken adireshin ya bayyana a sama, sannan ka kwafe shi ka yanke kamar yadda aka bayyana.

Mai yawan turawa yana iya sauƙaƙa wa kansa. Firefox, wanda burauza ne, tun fitowarsa ta 120 a watan Nuwamba na 2023, yana da zaɓin kwafin mahaɗi ba tare da lambobin bin sawu ba, Brave ma yana da irinsa, kuma a kwamfuta ClearURLs, wata ƙaramar manhaja da ake ƙara wa burauza, tana yin aikin da kanta. Duk da haka sanannun gaɓoɓi kawai suke ganewa, shi ya sa nake sake dubawa da idona.

Akwai kuma mahaɗan da yankewa ba ta gyara su, wato waɗanda ke zuwa ta imel domin canza kalmar sirri, ko tabbatar da asusu, ko duba takardar biyan kuɗi. Lambar da ke cikinsu makullin asusunka ce, don haka ba a tura su zaure ko da an rage musu tsawo. Idan akwai abin da kake so a gani a ciki, ka nemi adireshin shafin na kowa da kowa ka tura shi.