Yadda Iyali Za Su Ci Moriyar Asibitin Unguwa a Zangon Kumasi

A Aboabo da Asawase da Sawaba da Sabon Zango, mutane da dama ba sa ganin an kai mara lafiya asibiti sai an kai shi Gee, wato Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye. Wannan tunani ne ke sa a zauna da ciwo a gida, ana jiƙe-jiƙe da sayen ƙwayoyi a kemis har ya ci jiki, sannan a kwashi mutum ranga-ranga zuwa asibitin da aka tanada domin manyan cututtuka da waɗanda aka turo daga wasu wurare. Alhali kuwa yawancin abin da ke damun iyali, kamar zazzaɓi da gudawa da awon ciki da hawan jini, ana iya tare shi a ƙaramin asibitin unguwa, ko a hannun nas ɗin da ke zagayawa gida-gida a ƙarƙashin CHPS, shirin kai kiwon lafiya cikin unguwanni, wanda ya samo asali daga gwajin da aka yi a Navrongo a shekarun 1990. Idan abin ya fi ƙarfinsu, su ne za su rubuta takarda su tura ka asibitin Manhyia ko na Tafo ko na Suntreso, daga can kuma zuwa Gee in da bukata.

A fara da katin inshorar lafiya. Ghana ta kafa dokar wannan shiri a 2003, kuma tun 2008 mata masu juna biyu ke samun awon ciki da haihuwa kyauta a ƙarƙashinsa. Katin yana mutuwa duk shekara, ana kuma iya sabunta shi ta waya idan aka danna *929#, ba sai an je ofis an bi layi ba. Maigida ya zaɓi wani lokaci da ba zai manta ba, misali makon da ke biye da ƙaramar Salla, ya duba katin kowa a gidan, domin tsakar dare da yaro a kafaɗa ba lokacin gano cewa kati ya mutu ba ne. Ba kowane magani inshorar ke biya ba, saboda haka a riƙa ajiye ɗan kuɗin ko-ta-kwana. Katuna da littafin uwa da yaro da takardun gwaji da kwalayen magungunan da tsofaffi ke sha, duk a haɗa su a jaka ɗaya wadda kowane babba a gidan ya san inda take.

Zazzaɓi shi ne ya fi kai mu asibiti, musamman da damina idan lambatu suka cika, kuma a kansa ne aka fi yin ganganci. Ba kowane zafin jiki ne zazzaɓin cizon sauro ba, shi ya sa ƙa'idar ma'aikatan lafiya ita ce a gwada kafin a ba da magani. Gwajin ba shi da wuya. Nas za ta goge kan yatsan yaro da auduga, ta ɗan tsira shi, ta ɗebi ɗigon jini ta zuba a ramin wani ɗan farin allo na roba, ta ƙara ɗigon ruwan magani, sannan ta ajiye shi a kan tebur ta rubuta lokaci. Bayan minti 15 zuwa 20, layi biyu na nufin akwai cutar, layi ɗaya na nufin a nemi wani dalili, ko ciwon kunne ne, ko na maƙogwaro, ko na ƙirji, ko na mafitsara. Idan an samu cutar, maganin na kwana uku ne, kuma wajibi ne a shanye shi duka ko da yaro ya tashi yana wasa a rana ta biyu. Mai ɗauke da artemether da lumefantrine ana shan sa safe da yamma, kuma ya fi aiki idan an sha shi da abinci mai ɗan maiƙo ko madara. Ragowar maganin yaya ba na ƙane ba ne, domin da nauyin jiki ake auna shi. Gidan sauron da aka raba kuwa, amfaninsa a kan gado yake kowane dare, ba a shingen lambu ko shanyar kaya ba.

Akwai alamomin da ba a jiran wayewar gari a kansu. Yaron da ya kasa sha ko kama nono, wanda yake amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, wanda jijjiga ta kama, wanda ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko wanda numfashinsa ke sauri haƙarƙarinsa na lotsawa, a tafi da shi nan take. Haka ma jaririn da bai kai wata biyu ba idan jikinsa ya yi zafi. Lambar motar ɗaukar marasa lafiya ita ce 112. Idan jijjiga ta zo, a kwantar da yaro a gefensa, a sassauta masa tufafi, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai, kada kuma a kara ƙafarsa a wuta. Addu'a da tofi ba sa hana tafiya asibiti, ana iya yin su a cikin mota.

Gudawa tana kashe yara ne ta hanyar ƙarar da ruwan jikinsu. Saboda haka kowane gida ya ajiye ƙunshin gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinki. A karanta adadin ruwan da aka rubuta a jikin ƙunshin a bi shi daidai, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan bayan kowane bayan gida, a ci gaba da nono da abinci, a kuma ba shi zinki kullum har kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya. Idan an ga jini, ko idanu sun faɗa, ko fitsari ya ɗauke, maganar ta koma ta asibiti. A gidan haya mai ɗakuna da yawa da makewayi ɗaya, sabulu a gefen buta ya fi kowane magani araha.

Inda nake son a fi natsuwa shi ne ciki da jego, domin a nan ne al'adarmu mai kyau takan yi karo da abin da jariri ke bukata. Mace ta fara awon ciki da zarar ta tabbatar, kada kunya ko gudun bakin mutane ya sa ta ɓoye har wata biyar. A wurin awo ne ake duba jininta da hawan jininta, a ba ta maganin ƙarin jini, a kuma fara ba ta maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro daga mako na 16, wanda takan sha a gaban ungozoma. Zubar jini, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, ko raguwar motsin ɗa, duk dalilai ne na tafiya a ranar, ko maigida yana gari ko ba ya nan. Yana da kyau miji ya faɗi wannan izini da bakinsa tun da wuri, a gaban mahaifiyarsa da matarsa, domin kada a zauna jiran wayarsa.

Bayan haihuwa, mun saba mai jego da jaririnta su zauna a ɗaki, labule a sake, har ranar suna. A cikin wannan makon ne shawara ke kama jarirai, kuma a ɗaki mai duhu ko ƙarƙashin ƙwan lantarki mai launi ba a ganin ta. Kowace safiya kaka ko goggo ta fito da jariri bakin ƙofa inda haske yake, ta duba farin idonsa, ta ɗan danna goshinsa ko karan hancinsa da yatsa ta ɗaga. Idan wurin ya nuna rawaya, ko jaririn ya rage kama nono, a kai shi asibiti a ranar, kada a ce sai bayan suna, domin shawara mai tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma shanya jariri a rana ba ya maye gurbin fitilar asibiti. A raba kayan jariri da kafur, saboda yana fasa jinin wasu jarirai. Cibiya kuma kada a sa mata man goge baki ko toka ko wani haɗin gida, sai abin da ungozoma ta bayar.

Ranar awon yara, za ka ga an rataye sikeli a ƙarƙashin rumfa, uwa ta tuɓe yaro ta sa shi a ɗan wandon awo, yana ta wutsil-wutsil, nas na jiran allurar sikelin ta tsaya kafin ta ɗiga alama a littafi. Wannan ɗigo yana da ma'ana: idan layin yana hawa wata bayan wata, yaro na girma, idan ya miƙe ko ya sauka, akwai abin dubawa tun kafin ido ya gani. Uwa ta tambayi nas inda layin ɗanta ya nufa. Rigakafi kuwa ana yin sa ranar haihuwa, da mako 6 da 10 da 14, da wata 9 lokacin allurar ƙyanda da ta zazzaɓin shawara, sannan wata 18. Wannan ta ƙarshe ita ce aka fi mantawa, saboda yaro ya fara tafiya an ɗauka an gama. Nono zalla har wata 6, ba ruwa ba koko.

Maza su ne suka fi gudun asibiti. Hawan jini ba ya sallama, mutum na iya yini a kasuwa ko a kan babur lafiya ƙalau alhali jininsa ya haura 140 bisa 90, har sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta gaza. Gwajin bai fi 'yan mintuna ba. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi, domin sauƙin aikin maganin ne. A tukunya kuma a rage gishiri: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, ga shi kuwa miyarmu takan haɗa dunƙulen magi da kifi mai gishiri irin momoni ko koobi da kuma gishiri a lokaci guda. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya je ya ga likita tun a watan Sha'aban domin a tsara masa shan magani kafin azumi. Maganin da ake talla a tasha ana cewa yana warkar da cuta goma, a bar wa mai shi kayansa.

Masu shirin aure su gwada jininsu tun kafin magana ta yi nisa. Kimanin jariri ɗaya cikin 50 a Ghana ana haifar sa da sikila, kuma a nan Kumasi aka fara gwajin jarirai a 1995 a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong. Idan namiji da mace duk AS ne, wato suna ɗauke da gadon sikila ba tare da ciwon ba, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato ciwon sikila.

Duk wannan bayani ba zai yi aiki ba sai da mutanen da ke zaune a bayan teburin nan. Nas ɗin da ta kwana a kan aiki, da ungozomar da ta karɓi haihuwa da asuba, da mai gwajin jini, da mai neman fayil, da mai shara, suna aiki ne a lokacin da abokan aikinsu da yawa suka tafi Ingila da wasu ƙasashe, nauyin ya koma kan waɗanda suka rage. Ina ganin haƙƙinsu a kanmu ya wuce “mun gode” a bakin ƙofa. Godiya ta farko ita ce gaskiya: idan an ba yaro jiƙo ko ragowar magani, a faɗa, a kuma zo da kwalbar, domin nas ba ta san gaibu ba, da abin da aka gaya mata take aiki. Idan Hajiya ba ta jin Turanci ko Twi sosai, a haɗa ta da wanda zai fassara, kuma kafin a tashi a maimaita wa nas yadda aka fahimci shan maganin domin ta gyara in an yi kuskure. Idan aka shigar da wanda ya zo bayanka, kada ka ɗaga murya, galibi an ga alamar haɗari ne a jikinsa.

Gaisuwa ma aiki ce. “Sannu da aiki, Anti, yaya dare?” tana sauya yadda safiya za ta kasance ga mai jinya da ma'aikaciya baki ɗaya. Idan yaro ya warke, uwa ta biya ta nuna shi, domin su ma'aikata sun fi ganin mutane a ranar wahala, ba kasafai suke sanin yadda aka ƙare ba. Ba na goyon bayan cusa kuɗi a hannu don a tsallake layi, saboda hakan zaluntar talakan da ke zaune a benci ne. Abin da ya fi shi shi ne wasiƙar yabo zuwa ga shugaban asibitin, da sunan ma'aikaciyar da abin da ta yi, wadda za ta shiga fayil ɗinta. Wanda aka yi wa ba daidai ba shi ma yana da haƙƙi, domin Hukumar Kiwon Lafiya ta Ghana tana da kundin haƙƙoƙin mara lafiya, sai dai a kai kuka ofishin shugaba cikin natsuwa, ba a yi zagi a gaban marasa lafiya ba.

Unguwa kuma tana da nata rabon. Liman ya sanar da ranar awo da ta rigakafi bayan salla, mai unguwa ya ba da rumfa da benci idan nas-nas sun fito zagaye, ƙungiyoyin mata su ɗauki nauyin ruwan sha a ranar. Samarin da ke taruwa a majalisa kuwa, babbar gudummawarsu ita ce jini. Baligi mai lafiya wanda nauyinsa ya kai kilo 50 zai iya bayarwa, ana duba jininsa kafin a ɗiba, kuma ɗibar kanta ba ta wuce kimanin minti goma. Shugabannin matasa su je sashen jini na Gee su tsayar da rana, su zaɓi wadda ba ta faɗa cikin azumi ba, su kuma gaya wa masu zuwa su karya kumallo su sha ruwa sosai kafin su fito.