Yadda Ake Neman Kotu Ta Sauya Kuɗin Ciyar da Yara

Idan samunka ya ragu ko aka yi maka sabuwar haihuwa, kada ka rage kuɗin ciyar da yaranka bisa raɗin kanka, domin hukuncin farko yana nan daram har sai alƙali ya sauya shi, kuma duk abin da ka gaza biya bashi ne a wuyanka. Ka gaggauta shigar da buƙata a kotun da ta yanke hukuncin, tare da takardun albashi, takardar sallama daga aiki idan akwai, da shaidar haihuwar jaririn. Haihuwa kaɗai ba lallai ta wadatar ba, tunda alƙali zai auna buƙatun yaran farko. Ko kun daidaita da mahaifiyarsu, ku kai yarjejeniyar kotu ta tabbatar da ita.