Yadda ake rubuta taƙaitaccen rahoton ayyukan ƙaramar hukuma don kowa ya gane

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomin Najeriya 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, maimakon ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi. Wannan ya ƙara nauyi a kan jami'in yaɗa labarai da ɗan jarida da duk wanda ke taƙaita wa jama'a abin da ake yi a sakatariya, domin mai karatu yana da haƙƙin sanin inda kuɗin yankinsa suka shiga ba tare da ya nemi tafinta ba.

Kafin ka ɗora alƙalami, ka tantance matakin da kowane aiki yake, domin a nan ne yawancin rahotanni suke ruɗa mutane. Majalisar kansiloli ta amince da aiki daban, an saka shi a kasafin kuɗi daban, an saki kuɗin daban, an ba ɗan kwangila daban, sannan kammalawa ita ma daban. Idan ka rubuta cewa “an samar da rijiyar burtsatse” alhali kwangilar kawai aka bayar, mutanen ƙauyen da har yanzu suke sayen ruwa a wurin 'yan garuwa za su ɗauke ka maƙaryaci, kuma ba za su sake yarda da sauran abin da ka rubuta ba, ko da gaskiya ne. Saboda haka ka zaɓi kalmar da ta dace da matakin: an amince, an ware, an biya, an fara, an kai rabi, an gama. Kalmomi irin su “an ƙaddamar” da “an himmatu” suna da daɗin ji a taron siyasa, amma ba sa gaya wa kowa ko famfo yana zuba ko ba ya zuba. A ganina, wanda ya kiyaye wannan kaɗai ya yi fiye da rabin aikin.

Daga nan sai ka fara da abin da ya fi shafar rayuwar mutane. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da kwashe shara da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, tare da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya, kuma waɗannan ne ya kamata su zo a sama. Jerin manyan baƙi da kirarin shugaba su koma ƙarshe, ko ma a bar su gaba ɗaya.

Kowane aiki ka haɗa shi da wurinsa, wato mazaɓa da gari da unguwa, da sunan da mutanen wurin suke kiransa. Jihar Kano kaɗai tana da ƙananan hukumomi 44, kuma sunaye irin su Sabon Gari da Tudun Wada suna maimaituwa a garuruwa da dama, don haka “an gyara kwalbati a Sabon Gari” bai isa bayani ba.

Wajen kuɗi, ka rubuta “naira miliyan 12 da rabi” a madadin dogon layin sifili, ka kuma faɗi ko daga kason tarayya suka fito ko daga harajin cikin gida. Idan ofishin ma'aji ya yi nauyin baki, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar da aka rubuta mata.

Bayan ka gama, ka karanta rahoton da ƙarfi, domin da yawa za su ji shi ne ta rediyo ko ta saƙon murya a WhatsApp, ba da idonsu za su gan shi ba. Ka karanta wa mai unguwa ko wani ɗan kasuwa, sannan ka tambaye shi abin da aka yi da inda aka yi da nawa aka kashe. Duk jimlar da ya kasa maimaitawa, ka sake rubuta ta.