Darasi na 9: Yadda Ake Raba Lambu da Aya-aya da Kirikiri

Duk mai lambu a bakin Binuwai, nan Garwa a arewacin Kamaru, ya san aya-aya. Ka nome ta yau, kafin mako ya zagayo ta sake leƙowa. Dalili shi ne, fartanya ganye kawai take yankewa, ita kuwa ran nata yana ƙasa.

Ku tona gindinta ku duba. Za ku ga wasu 'ya'ya baƙaƙe masu tauri, wani siririn zare ya haɗa su kamar carbi. Yawancinsu ba su wuce zurfin taƙi ɗaya ba, wato wajen santimita 15 zuwa 20. Ba duka suke tsirowa lokaci guda ba, wasu barci suke yi. Da zarar fartanya ta tsinke zaren, sai masu barcin su farka, kowanne ya fitar da nasa tsiro. Shi ya sa mai yawan sara sama-sama yake ganin abin sai ƙaruwa yake yi.

Maganinta na farko rana ce, kuma kyauta take. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa yakan haura digiri 40. A lokacin nan ku daina ba wurin ruwa. Ku sa diga ku birkice ƙasar, ku tsince 'ya'yan da kuka gani, sauran ku bar su a fili su bushe. Bayan mako biyu ku sake juyawa, na ƙasa su hau sama. Ɗan aya-ayar da ya bushe ƙayau ya mutu. Amma fa idan ƙasar da danshi, kun yi mata shuka ne kawai.

In akwai albasa ko salak a fangalin, ba damar tono. Sai cira da hannu duk bayan mako biyu, tun ganyenta bai kai biyar ko shida ba, kafin ta fara sababbin 'ya'ya. Aikin akwai gajiya, babu wanda zai ce muku a wata ɗaya za a gama. Sai dai kowane tsiro daga abincin da ta ajiye a ƙasa take fitar da shi, kuma ajiyar tana ƙarewa. Ba ta son inuwa, don haka wake ko dankalin Hausa da ya rufe ƙasa yana rage mata ƙarfi. Baƙar leda ba ta tare ta, hudawa take yi.

Kirikiri shi rarrafe yake yi, ta sama da ta cikin ƙasa, kowace gaɓa ta taɓa danshi sai ta yi saiwa. Masu shuka shi a tsakar gida don ado su ne suka fi shan wahalarsa, domin daga nan yake kutsawa cikin furanni da kayan miya. Ku haƙa ɗan rami tsakanin ciyawar da fangali, ku riƙa datse duk hannun da ya miƙo. Abin da kuka cire kada ku jibge shi a gefen kwata, kada kuma ku zuba shi a ramin taki yana ɗanye. Ku shanya shi kan dandali ko tsohon kwano sai ya bushe. Haka ma balasaya, guntun karanta yakan kama ƙasa ya rayu.

Akwai maganin feshi mai suna glyphosate a kasuwa. Yana bin ganye ya sauka har saiwa, amma ba ya bambanta ciyawa da tumatir, duk koren da ya taɓa ya ƙone. Wanda zai fesa ya bi awon da ke jikin kwalbar, ya rufe hannu da hanci, ya guji ranar iska ko hadari, kuma kada a ɗebi ruwan sha da mazubinsa.

Aikin gida: kowa ya tono gindin aya-aya ɗaya ba tare da ya tsinke zaren ba, ya ƙirga 'ya'yan, ya rubuta adadin a littafinsa, ya zo da shi aji.