Kurakuran da ke hana dagwalon masai zama taki

Dagwalon da motar kwasar masai ke zubarwa ba ya zama taki don ya sha rana kawai. Bakteriya da naman gwari ne ke cinye ƙazantar da ke ciki, su mai da ita iska da ruwa da baƙar ƙasa, kuma sai an ba su iska da danshi da abin ci daidai gwargwado. A gonakin bakin Kogin Kaduna, inda kayan miya ke zuwa kasuwa kai tsaye, sakaci a nan yana komawa cikin tukunyar mutane.

Kuskuren farko shi ne tara dagwalo shi kaɗai, jiƙe sharkaf. Ruwa ya toshe kafofin iska, ƙwayoyin da ke buƙatarta su mutu, marasa buƙatarta su karɓe wurin, sai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya tashi. A fara shanya shi a kan shimfiɗar yashi da tsakuwa har ya tsane, sannan a cakuɗa kwando ɗaya da kwando biyu zuwa uku na buntun shinkafa, garin katako ko yankakken karan masara. Abincin ƙwayoyin ya dogara ga sinadarai biyu, naitirojin da kabon: dagwalo na da naitirojin da yawa, waɗannan kuma su ke kawo kabon. Ana neman kusan kashi 25 zuwa 30 na kabon ga kashi 1 na naitirojin. Danshi ya tsaya tsakanin kashi 50 da 60 cikin ɗari: a matse a hannu da safar roba, ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito.

Zafi ne abin da aka fi raina wa, alhali shi ne ginshiƙin aikin, don shi ke kashe ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki. Tulin da bai kai mita 1 a tsayi ba ba ya riƙe zafi, musamman a hunturu, lokacin da iskar Disamba da Janairu ke busar da shi cikin kwanaki kaɗan. Ƙa'idar hukumar kare muhalli ta Amurka ga tulin da ake juyawa ita ce ya kai digiri 55 na salshiyas, ya zauna a haka kwana 15, a juya shi sau 5 a tsakani. Juyawar ce ke kai na gefe zuwa tsakiya. Wanda bai juya ba ya bar ƙwan tsutsar ciki da rai a gefen tulin, kuma wannan ƙwai yana iya shekaru a ƙasa. A sayi ma'aunin zafi mai dogon tsinke. Taɓawa da hannu ba awo ba ne. In ya haura 65, a juya a yayyafa ruwa, don zafin da ya yi yawa na kashe su ma ƙwayoyin da ke aikin ruɓarwar.

A damina a rufe da tampol, a yi magudana a gefe.

Sai batun abin da ya shiga masai tun farko. Izal da bilic da baƙin mai suna kashe bakteriya ko su rage musu ƙarfi. Ƙarafa masu guba irin su dalma da kuromiyam kuwa babu ƙwayar da ke ruɓar da su. Tulin na raguwa, su suna ƙara taruwa. Don haka dagwalon da ya haɗu da ruwan garejin kanikawa ko na masana'antun unguwar Kakuri a Kaduna kada ya je gona sam.

Bayan zafi ya sauka a bar tulin wata ɗaya zuwa biyu ya nuna. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. A gwada shuka ƙwayar wake a ɗan gwangwani kafin a kai fili: in ta tsiro lafiya, takin ya nuna.